Daga Gonar Gwaji Zuwa Ajin Karatu: Haɗin Gwiwa da Jami'o'in Waje a Ƙasar Funtua da Malumfashi

 

 

An nemi in yi magana a kan haɗin gwiwa da jami'o'in ƙasashen waje, da kuma ƙwarewar malamin jami'a wajen koyarwa da na'urorin zamani. Duk inda aka ɗauko wannan batu, sai ka ji ana maganarsa kamar wani baƙon abu ne da ya sauka Abuja jiya, mu kuma nan kudancin Katsina muna zaune muna jiran ya ƙaraso. Ai ƙasar nan ta daɗe da sanin baƙi masu littafin rubutu a hannu. Tun zamanin Turawa kamfanin auduga na Ingila ya kafa injinan gurza a Funtua da Malumfashi, layin dogo kuma ya taso daga Zariya ya ratsa Funtua har ya kai Ƙaura Namoda a 1929. A tsakiyar shekarun 1970 Bankin Duniya ya zaɓi wurare uku a Najeriya don gwada sabon shirin bunƙasa noma: Funtua, Gusau da Gombe. Dattawan da ke cikin wannan ɗaki sun ga lokacin da aka buɗe cibiyoyin sayar da taki, aka fasa hanyoyin karkara, aka kawo ingantaccen irin masara. Kafin nan masara shukar gefen gida ce, a gasa a ci da ɗanyenta. Yau ku je kasuwar Dandume ranar da take ci ku ga tireloli suna lodinta zuwa kudu.

A daidai wancan lokaci na shekarun 1970 wani aikin yana gudana a Malumfashi, wanda yawancin matasanmu ba su taɓa jin labarinsa ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta haɗa hannu da Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Libaful, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Herbert Gilles, aka yi shekaru ana binciken cututtukan da suka zaunu a yankin: zazzaɓin cizon sauro, tsargiya, sanƙarau da saran maciji. An ƙidaya mutane gida-gida. An zauna a bakin madatsar Ruwan Sanyi ana lura da wanda ya shiga ruwa, da abin da ya kai shi, da tsawon lokacin da ya yi a ciki, don a gane yadda tsargiya ke kama yara. An buga sakamakon kashi-kashi a wata mujallar likitanci ta Libaful, kuma har gobe masana a duniya suna kafa hujja da shi. Gabanin haka kaɗan, Murray Last, wanda ya rubuta tarihin Daular Sakkwato, ya zauna a wani gidan Maguzawa kusa da Malumfashi yana nazarin yadda mutane ke neman magani.

To, ina waɗannan rubuce-rubuce suke yau? 'Yarmu da ke karatun ungozoma a Malumfashi, mai yiwuwa kakarta na cikin waɗanda aka ɗebi jininsu, ta taɓa ganin shafi ɗaya daga ciki? Ban ɗora wa masu binciken laifi ba. Sun yi aiki na gaskiya, kuma a zamaninsu ilimi a takarda yake zaune, takarda kuma tana bin wanda yake da ɗakin ajiya da kuɗin bugawa. Amma wannan uzuri ya ƙare. Yau abin da ya cika ɗakin karatu guda yana shiga cikin ɗan katin da bai kai farcen yatsa ba. Idan aka sake yin bincike a ƙasar nan, aka kwashe sakamakon aka tafi da shi ba tare da ya shiga ajinmu ba, to mu ne ba mu nema ba, ko kuma malamanmu ne ba su da ƙwarewar karɓa. Wannan ita ce maganar da na zo da ita. Haɗin gwiwa ba ya zama namu sai ya ratsa ta hannun malamin da ke tsaye gaban allo.

Bari in kawo misali na kusa. A daminar 2015 da ta 2016 an yi gwajin taki a gonakin manoma a jihohin Kano, Kaduna da Katsina, ciki har da ƙananan hukumomin Funtua, Bakori, Dandume da Faskari. Jami'ar Bayero ce a ciki, tare da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, da cibiyar masara da alkama ta CIMMYT da ke Meziko, da masana daga Jami'ar Luben ta Beljiyam. Yadda ake gwajin ba wuya: a raba gona fegi-fegi, wannan a ba shi dukkan sinadaran taki, wancan a hana shi guda, na gaba a hana shi wani, sannan a auna abin da kowane fegi ya bayar da kaka. Abin da aka gani shi ne gonaki sun bambanta ƙwarai, har waɗanda ke gari ɗaya, kuma a mafi yawansu naitirojin da fosfaras ne suka fi ƙaranci. Alhali shawarar da aka daɗe ana ba kowa ɗaya ce: buhu 8 na kamfa da kusan buhu 3 na yuriya a kowace kadada, ko ƙasarka jigawa ce ko laka. Daga irin wannan gwaji aka daidaita wata manhaja, Nutrient Expert, wadda malamin gona zai riƙe a na'ura, ya tambayi manomi tarihin gonarsa da abin da aljihunsa zai iya, ta fitar masa da shawarar da ta dace da shi.

Wannan aiki ya fi na Malumfashi kusa da abin da nake nema, domin 'ya'yanmu sun yi digirin digirgir a cikinsa, sunayensu ne a gaban takardun da aka buga. Duk da haka tambayata tana nan. Ɗalibin aji uku a tsangayar noma, a Dutsinma ko Katsina ko Samaru, ɗan Bakori, ana ba shi waɗannan alƙaluma ya buɗe su a kwamfuta ya nemo abin da suke faɗa game da ƙasar garinsu? Ko kuwa har yanzu ana yi masa shifta daga takardun da suka yi ja don tsufa, ya haddace, ya zuba a jarrabawa, ya manta?

Mutane da yawa idan aka ce ƙwarewar na'ura, abin da ke zuwa musu shi ne malami ya iya haska rubutu a bango. Na shiga azuzuwan da aka yi haka, kuma abin da na gani shiftar nan ce dai, sai dai yanzu tana buƙatar janareta. Na kuma shiga wani ɗakin kwamfuta a wata makaranta da ba zan ambata ba, kyautar wata ƙungiya daga waje. Kwamfutoci a jere, kowace an lulluɓe ta da leda, ƙura ta kwanta a kan ledar har ana iya rubutu da yatsa. Batiran sola sun mutu, ba a ware kuɗin sauya su ba. Wanda ya san lambar sirrin babbar na'urar an yi masa canjin wurin aiki. A bango ga hoton ranar buɗewa, kowa da babbar riga. Wannan ɗaki ya tsaya mini a rai, domin na san a garin akwai yaran da ke biyan kuɗi a shagon kwamfuta don su koyi riƙe linzamin na'ura kafin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 ba a yin ta sai a kwamfuta. Waɗanda suka ba da kyautar sun cika alkawarinsu. Abin da ba a saka a lissafi ba shi ne mutum: wa zai koyar a ɗakin, me zai koyar, wa ya koya masa.

Ga abin da nake kira ƙwarewa. Malami ya ɗauki ɗalibai goma ya kai su gonar wani dattijo a Kafur. Ya tambaye shi, "Baba, gonar nan kadada nawa ce?" Dattijo ya faɗi abin da ya gada a baki. Sai ɗaliba ɗaya ta kunna manhajar awo a wayarta, ta bi iyakar gonar a ƙafa, ta kewaye kukar da ke kusurwa, ta bi gefen kwazazzabo, ta dawo inda ta tashi. Waya ta nuna girman gonar. Sau da yawa za a tarar abin da aka gada a baki da abin da aka auna ba su zo ɗaya ba, kuma a kan wancan lissafin na baki ake sayen taki, ake biyan 'yan ƙwadago, ake karɓar bashi. Daga nan ɗalibai su cika tambayoyinsu a KoboToolbox ko ODK, waɗanda ke aiki ko babu sabis, su dawo aji su zuba bayanan a kwamfuta, su ɗora iyakar gonar a taswira da QGIS, su sauko da hoton tauraron ɗan'adam na Sentinel-2, wanda Tarayyar Turai ke bayarwa kyauta, yana kuma sake ɗaukar wuri ɗaya duk bayan kwana biyar. Za su gano da kansu cewa a watan Agusta gajimare yakan rufe hoton, dole a koma gona a duba da ido. Duk manhajoji da hotunan da na lissafa ba wanda ake saya. Abin da ke da tsada shi ne malamin da ya iya su har ya iya koyar da su, ya kuma san lokacin da na'ura ta yi kuskure. Sannan a koma wurin dattijon nan a gaya masa da Hausa abin da aka gano, domin gonarsa ce.

Yanzu sai wani ya ce, Malam, kana magana kamar ba a nan kake zaune ba, ina wutar, ina sabis ɗin? Gaskiya ne, kuma mu mun fi kowa sanin haka. A watan Maris na 2020 annobar korona ta rufe makarantu, yajin aikin malaman jami'a kuma ya ɗora daga Maris har Disamba na shekarar. A 2022 aka sake yajin wata takwas. Jami'o'in duniya sun koma karatu ta intanet, yawancin ɗalibanmu suna gida. Mu a nan abin ya ninka. A Disamba 2020 aka sace ɗalibai sama da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A Satumba 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da Funtua, Malumfashi, Bakori, Dandume da Faskari, aka yi watanni a haka. Kun tuna yadda mutane ke hawa mota su nufi hanyar Zariya don kawai su aika saƙo ko su karɓi kuɗi. Duk ɗalibin da karatunsa ya rataya a kan intanet a lokacin, karatun ya tsaya cik.

Saboda haka duk abokin hulɗar da zai zo mana da tsarin da ba ya aiki sai da sabis mai ƙarfi dare da rana, bai san mu ba tukuna, kuma aikinmu ne mu sanar da shi. Akwai hanyoyi, wasu ma a ƙasar nan aka haife su. Wani malami daga Jami'ar Ayowa ta Amurka, Cliff Missen, ya zo koyarwa a Jami'ar Jos a 1999, ya ga yadda intanet ke wahalar samu, daga nan aka ƙirƙiro eGranary: a kwafe miliyoyin takardu da littattafai a cikin na'ura ɗaya, a ajiye ta a makaranta, kowa ya shiga ba tare da ya sayi data ba. Jami'ar Konel ta yi irin wannan da mujallun noma. Manhajar Moodle, wadda jami'o'i da yawa ke ɗora darussa a kanta, tana barin ɗalibi ya sauke darasi lokacin da ya samu sabis, ya karanta daga baya. Malamin da ya san ɗalibansa zai naɗi bayani na minti goma da murya, ƙarami, wanda za a iya turawa daga waya zuwa waya a wurin mai cajin waya, maimakon bidiyon awa guda da zai cinye datar sati. Wannan ma ƙwarewa ce, kuma a nan mu ne ke da abin koya wa baƙo. Ga kuma shirye-shiryen Hinari da Agora, na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma, waɗanda ke buɗe wa jami'o'in ƙasashe irin tamu dubban mujallu kyauta ko da rahusa. Malamai nawa ne a cikinmu suka taɓa zuwa wurin ma'aikacin laburare suka nemi a shigar da su?

Ba sai mun yi nisa ba wajen neman abokan aiki. Samaru tana nan kusa, cibiyar binciken noma tun 1922. A can ne Jami'ar Jihar Kansas ta taimaka wajen kafa tsangayoyin noma da likitancin dabbobi a shekarun 1960, a can ne kuma David Norman ya zauna da manoman ƙauyukan Zariya ya nuna da alƙaluma cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wanda wasu masana ke ɗauka rashin wayewa ne, dabara ce mai riba da rage asara. A can Farfesa Mohammad Ishiyaku da abokan aikinsa, tare da masana daga Ostareliya, suka fitar da waken SAMPEA 20-T a 2019, mai jure tsutsar da ke huda kwanson wake. Jami'ar Ahmadu Bello tana da cibiya ta musamman kan sabbin hanyoyin koyar da injiniyanci, Jami'ar Bayero tana da Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa, Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa tana da cibiyar koyarwa da fasahar zamani, dukkansu cikin shirin Bankin Duniya na cibiyoyin ƙwarewa na Afirka. Waɗannan sun riga sun ƙulla da waje. Malamin da ke Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Alƙalam ko Dutsinma ya fara ƙwanƙwasa waɗannan ƙofofi kafin ya yi mafarkin biza.

Tsarin da ya fi burge ni cikin duk waɗanda na sani shi ne na gidauniyar Sasakawa ta Japan, wanda aka fara a Jami'ar Kef Kos ta Gana a 1993, daga baya ya zo Zariya da Kano. Ana ɗauko malamin gona da ya yi shekaru yana aiki da difloma, a kawo shi jami'a, sannan a mayar da shi ƙauyen da yake aiki ya yi watanni yana warware wata matsala ta gaske tare da manoma, malamansa su bi shi can su duba. Digirin na jami'armu ne, malaman namu ne, matsalar ta ƙauyenmu ce. Da za a ɗora ilimin na'ura a kan wannan tsari, da an yi nisa.

Kuma dama ta samu. A Disamba 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabon tsarin manhajar karatu, inda ta tsara kashi 70 cikin ɗari, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da muhallinta. Ina roƙon 'yan'uwana da ke zama a majalisun jami'o'i, kada a cika wannan gurbi da kwafen abin da wata jami'a ta rubuta. A sa auduga a ciki, da dalilin da ya sa ta ja baya. A sa tumatirin Danja da tsutsar da ta cinye shi a 2016, da tsutsar masara da ta shigo ƙasar a shekarar. A sa farashin hatsi na Dandume, ɗalibai su riƙa tattara shi mako-mako, shekara bayan shekara, har ya zama taskar da masanin tattalin arziki daga ko'ina zai zo ya roƙa. A sa tashar tsandauri ta Funtua da aka buɗe a 2024, a bi kayan da ke shiga da fita. Jami'ar da ke riƙe da irin waɗannan bayanai, idan ta zauna da baƙo, tana da abin ajiyewa a kan tebur.

Idan aka zo rubuta yarjejeniya kuwa, a daina sa hannu a kan takardar da ba ta wuce kalaman zumunci ba. A rubuta ƙarara cewa kwafin duk bayanan da aka tattara zai zauna a jami'armu, a kuma faɗi sunan ofishin da zai riƙe shi. A rubuta cewa wanda ya sha rana a gona zai ga sunansa a takardar da aka buga. A rubuta adadin ƙananan malaman da za a horar, domin su ne za su yi shekara talatin nan gaba a aji, ba shugabannin da ke tafiya yawon buɗe ido da sunan ziyarar aiki ba. A nemi darasi ɗaya da za a koyar tare, malami a can malami a nan, ɗaliban ɓangarorin biyu su yi aiki a kan tambaya ɗaya, ko da sau biyu kawai za a haɗu kai tsaye a zango. A sa kuɗin batir da gyara na shekarun da za su biyo bayan tafiyar baƙi. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma na ga shirye-shirye masu kyau da suka mutu a watan da tallafi ya ƙare.

Akwai abu biyu da ba zan sauka ban taɓa ba. Na farko 'ya'yanmu mata. A gidaje da yawa wayar da ke shiga intanet tana hannun yaya ko miji, ɗaliba sai ta ara. Idan malami ya ce a miƙa aiki kafin sha biyun dare ta intanet, ya san wa ya fitar daga ajin? A ware musu lokaci a ɗakin kwamfuta da rana, a kuma samu malamai mata a cikin waɗanda ake horarwa. Na biyu ƙirƙirarriyar basira. Ɗalibai sun riga mu shiga, suna ba ta tambaya tana rubuta musu amsa. Hani ba zai yi aiki ba. Amma malamin da ya ce a auno gonar Kafur, a kawo hoton ganyen da tsutsa ta ci, a tsaya gaban aji a kare abin da aka gano, ya ba da aikin da na'ura ba za ta yi wa kowa ba. Kuma waɗannan manhajoji har yanzu Hausarsu ba ta nuna ba, musamman a sunayen ciyayi da cututtukan shuka da na dabbobi. Masana irin su Dakta Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero, tare da ƙungiyar Masakhane ta masu binciken harsunan Afirka, suna aikin tattara Hausa don na'ura. Kalmomin da suke nema suna bakin manoman da ke zaune a wannan ɗaki, ɗalibanmu kuma su ne ya kamata su rubuto su.

A nan Funtua muna da makarantar share fagen shiga jami'a ta Ahmadu Bello, inda yara daga jihohin Arewa ke zuwa kowace shekara. A Malumfashi muna da makarantar ungozoma. Ina ba da shawarar a fara daga waɗannan biyu kafin damina mai zuwa: a samu malamai kaɗan daga kowace, a haɗa su da malaman gona na hukumar noma ta jiha, KTARDA, da ke wannan shiyya, a nemi Samaru ko Bayero su turo wanda zai zauna da su sati biyu a kan awon gona da tattara bayanai da waya. A kuma rubuta wa Libaful a nemi kwafin rahotannin binciken Malumfashi gaba ɗaya, a ajiye su a laburaren makarantar ungozoma, a ba ɗalibai su karanta, sannan su koma Ruwan Sanyi su duba ko tsargiya tana nan.